Tantabara Ba Ta Waiwayowa

Litinin, da hantsi

An kunna? Jan ɗigon nan yana ƙiftawa, to an kunna ke nan. Sista ta ce in fara faɗin rana da lokaci. Yau Litinin, hantsi ya yi, Malam ya tafi makaranta.

Sista, ni ce. Uwar yarinyar nan mai jar hula da kika duba ranar Alhamis, wadda ta ƙi sakin mayafina. Kin ce tunda ban iya rubutu ba, in riƙa faɗa wa waya duk kalmar da ta fito daga bakinta, yadda ta fito, har sati uku su cika mu dawo a sa mata na'ura a kunne. To ga ni. Ban saba magana ni kaɗai a ɗaki ba, ji nake kamar wadda ta zautu.

Shekararta uku da wata biyu. Tantabara muke ce mata, don tun tana goye in ta ƙoshi sai ta riƙa wani guu-guu a maƙogwaro. Kafin zazzaɓin nan, wallahi sai dai ka toshe kunne. Duk abin da na dafa sai ta je ta faɗa wa maƙwabta. Ta taɓa gaya wa mai gidan hayar nan wai tumbinsa ya riga shi shigowa. Ni kunya, shi dariya.

Ga abin da ta ce yau. Ruwa, ta ce ru. Takalmi, ta ce taka. Na nuna ƙirjinta na ce ke wace ce, ta ce Tantaba. Umma dai ta faɗe shi cikakke, sau biyu.

Shi ke nan na yau.

Talata, bayan la'asar

Ru. Taka. Tantaba. Biredi, ta ce bire.

Malam ya dawo ya same ni ina faɗa wa waya, ya ce in maimaita masa. Ya zauna ko takalmi bai cire ba, ya zaro biro. Malamin Turanci ne a sakandare, Sista, ai kin gan shi, mai tabaraun nan da ya yi ta jero miki tambayoyi da Turanci. Ya rubuta, ya ja layi, ya ce, “Kin gani? Altima ce take faɗuwa.”

Na ce wace ce kuma Altima?

Ya yi dariya, karo na farko tun da muka baro asibiti. Ya ce ba mutum ba ce. Wai kowace kalma gaɓa-gaɓa ce kamar rake, kuma Turawa sun raɗa wa gaɓoɓin suna, amma daga baya suke ƙirgowa. Ta ƙarshe altima. Ta gabanta finalt. Ta gaban wannan antifinalt. Akwai ma ta huɗu, sunanta ya fi tsakar gidan nan tsawo, na kasa riƙe shi. Ya ce ko abokan aikinsa ba su san su ba, a wani tsohon littafi ya tsinto su.

Na ce to Malam, su da suka san sunanta, sun san inda take zuwa in ta faɗi?

Ya ce, “Ke dai kawo abinci.”

Ni abin da ya tsaya mini a rai, me ya sa daga baya suke ƙirgowa. Kamar sun san ta can ake fara ci.

Laraba, da safe

Na kira ta daga ɗaki tana tsakar gida. Sau huɗu. Ƙila wasa ne ya ɗauke mata hankali.

Alhamis, bayan azahar

Mai ɗinki ta leƙo, maƙwabciyarmu, wadda ɗakinta yake kallon namu. Ta ce, “Ƙanwata, ya jikin mutuniyar?” Na ce da sauƙi, Yaya. Ta zauna a bakin ƙofa tana warware zare, ta kasa haɗa ido da ni. Can ta ce, “Kin dai san alheri na nufa.” Na ce na sani. Ta ce, “Duk 'ya'yana kemis ɗin nan nake kai su, ba abin da ya same su.” Na ce na sani. Ta ce, “Kin faɗa masa?” Na miƙe na ce tukunyata tana ƙonewa. Ba komai a wuta.

Sista, ranar nan kin tambaye ni ko an yi mata allura lokacin zazzaɓin. Malam yana tsaye a bayana. Na ce a'a.

Shi ba ya gari a lokacin, an tura su duba takardun jarrabawa, kwana tara. Jikinta kamar garwashi, ido yana juyewa. Asibiti da nisa, mai kemis ɗin bakin titi kuwa taku kaɗan ne. Malam ya sha ce mini ko ƙaya ce ta soke ta kada in kai ta can. Kwana biyar muna zuwa, safe da yamma. Zazzaɓin ya sauka. Ai ya sauka.

Wannan zan goge shi, in na gano inda ake gogewa.

Asabar, da yamma

Yau gidan nan ya yi daɗi.

Malam ya ce shi zai gyara abin da kansa, ai sana'arsa ce. Ya kwashe littattafai daga teburinsa, na katakon nan da ƙafa ɗaya take rawa. Ya ɗora ta a kujera da matashi biyu, ta shimfiɗa hannuwa a kan tebur tana kallon bakinsa. Wai a Turanci kowace kalma tana da gaɓa ɗaya da ake dannawa da ƙarfi, kamar kana tafiya ka taka ƙafa ɗaya da nauyi. Ya zaɓo kalmomi uku da ya koya mata tun da. Balun, wato balan-balan. Banana. Kamara. Yana faɗa yana ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsa, in ya zo wurin dannawar sai ya buga da ƙarfi.

Ya ce banana. Ƙwas, ƘWAS, ƙwas. Ta dube shi. Ya sake. Ya sake. Sai kawai ta ce, ta-TAA-ta.

Malam ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. “Kin ji? Kin ji ko? A tsakiya ta danna! Faroksiton!”

Ya ce kamara. ƘWAS, ƙwas, ƙwas. Ta ce TAA-ta-ta. Ya ce balun, ta ce ta-TAA.

Wai in ƙarfin yana ta ƙarshe, kalmar oksiton ce. In yana ta gabanta, faroksiton. In ya ƙara matsawa ɗaya, furofaroksiton. Na ce Malam, wannan ai sunan maganin tari ne. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Yarinyar da take raba faroksiton da furofaroksiton, ita za a ce ba ta ji? 'Yan ajin ƙarshe nawa ma rabinsu ba su iya ba.” Ya ɗaga ta sama yana juyi da ita, tana ƙyalƙyala.

Na shiga kicin na yi kuka. Na daɗi ne, ina jin.

Lahadi, bayan azahar

Sun sake yi. Goma ya gwada, goma ta ci. Ya rubuta a takarda ya manna a bango.

Amma ba banana take cewa ba, Sista. Ta-ta-ta take cewa. Na faɗa masa, ya ce kiɗan ake fara kamawa, nama daga baya yake zuwa.

Litinin, da hantsi

Tanta. Yau nan ta tsaya.

Takalmi ba ta faɗa ba sam, ɗauko shi ta yi ta ajiye a cinyata. Ruwa kuma kofi ta miƙo. Muryarta ma ta canja. Ta yi ƙarfi, ba hawa ba sauka, kamar daga cikin randa take fitowa.

Da safe Malam yana ɗaura agogo ya ji ta. Ya tsaya. Ya ce, “Finalt ma ta tafi.” A hankali ya faɗa, ba da ni yake ba. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce laifina ne, tun kafin ta buɗe baki nake miƙa mata abu, me zai sa ta wahalar da harshe. Ya ce daga yau kada in ba ta komai sai ta faɗa.

Na riƙe kofin na ce faɗi, ru-wa. Ta kalli kofin, ta kalle ni. Na ce ru-wa. Leɓenta ya bushe. Na ba ta. In ya so ya zo ya yanka ni.

Laraba, bayan la'asar

Inna ta zo, mahaifiyar Malam, da ledar lemo. Ta ɗauki jikarta ta ce, “Ƙawata mai baki, yau ba za a zage ni ba?” Tantabara ta kama ɗankunnenta tana ja.

Malam ya fara yi mata bayanin altima, ta ɗaga masa hannu. “Kai, riƙe Turancinka, ba shi ya kawo ni ba. Taurin kai ne, gado ta yi. Kai ɗin nan sai da ka shekara huɗu ba ka ce uffan ba, har muka fid da rai. Ranar da ka buɗe baki kuwa, ga shi har yau muna neman mai rufe mana shi.”

Ya ce, “Haba Inna, a gaban iyalina?”

Ta ce, “Iyalin naka ai ita ta fi kowa shan wuyarsa.”

Muka yi dariya duka. Har na ji sanyi a raina, na ce ƙila haka ne, ƙila gado ne.

Da za ta tafi, ta kai ƙofa, ta juyo ta ce, “Tantabara, na tafi, zo ki karɓi lemonki.” Yarinya tana zaune ta ba mu baya. Inna ta sake, da ƙarfi. Ta daɗe tana kallon ƙeyarta. Ta kama hannuna ta ce, “'Yar nan, ki riƙa share mata kunne, kin ji.”

Alhamis, da rana tsaka

Babban murfin tukunya ya suɓuce daga ƙusa ya faɗi a siminti. Kin san ƙararsa. Kajin gidan suka watse, keken ɗinkin Yaya ya tsaya, ta ce, “Lafiya?” Tantabara tana zaune a kan katifar da na shanya, taku biyu, tana ba 'yar tsanarta abinci da murfin kwalba. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Na ɗauki murfin na sake saki. Da gangan. Na sake. Na sake. Yaya ta fito ta ƙwace shi daga hannuna ta ce, “Ya isa, ƙanwata. Ya isa.”

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Na faɗa masa zancen murfi. Ya ɗauke ta ya ɗora a kujera. Banana, kamara, balun, ya juya su, ya cakuɗa su. Shida ya gwada, shida ta ci.

Ya ce, “To? Murfin tukunya ne ya yi digiri ko ni?”

Na ce kai ne.

Ya ce yaro in ya nutse a wasa ko tsawa ba ya ji. Ya ce in daina sa wa 'yarsa baki.

Sa baki. Ni.

Juma'a, da safe

Ban ci komai ba. Ba na jin yunwa.

Lahadi, bayan la'asar

Ya ce ba za mu je ba ranar Alhamis.

Ranar ɗalibansa suke jarrabawar Turancin baka, shi ne mai kula da su, ba ya iya tashi. Na ce to ni in kai ta, Yaya ta raka ni. Ya ce ba wannan ba ne. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ce su mutanen asibiti sauri suke, minti goma za su duba ta su rubuta kalma ɗaya a katinta, kalmar nan ta bi ta har tsufa. Duk makarantar da aka kai ta sai an fara karanta kalmar kafin a dubi fuskarta. Ya ce in ba shi wata ɗaya. Wata ɗaya kawai, zai kai ta da kansa tana magana, su ji kunya.

Bai faɗi kalmar ba. Ni ma ba zan faɗa ba.

Ya ɗauki katin asibitin daga kan taga ya sa a cikin tsohon littafin nan nasa, ya sa littafin a jaka.

Ba mugu ba ne, Sista. Ranar da aka haife ta, shi ya wanke zannuwana da hannunsa. Tsoro yake ji. Shi nasa tsoron da Turanci yake fitowa.

Litinin, da hantsi

Tanta. Mma. Yanzu Mma take ce mini.

Ya ce wannan ta gaba ce ta faɗi, ba ta baya ba, bai san me ya sa ba. Ya buɗe littafin ya daɗe yana nema. Ya rufe.

Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya

Bari in zauna.

Ina tsince shinkafa a kan teburin Malam, don rana ta cinye tsakar gida. Ita tana kujerarta, hannuwa a shimfiɗe yadda ta saba, tana kallon ƙadangare ta taga. Ba ni take kallo ba. Na buga gefen tire a tebur sau biyu don shinkafar ta taru. Sai na ji ta ce, ta-ta.

Ban yi magana ba fa. Bakina a rufe.

Na ajiye tiren. Na sa hannu a ƙarƙashin tebur inda ba ta gani, na ƙwanƙwasa yadda yake yi. Ƙwas, ƘWAS, ƙwas. Ta ce ta-TAA-ta. Ta juyo tana murmushi, tana jira in ɗaga ta sama.

Na sa hannuwana a baya, na koma gefenta na ce banana. Na faɗa da ƙarfi, har Yaya ta ji. Tana kallon ƙadangare.

Na ɗauke hannuwanta daga kan tebur na ajiye mata a cinya. Na ƙwanƙwasa a ƙasa. Shiru. Na buga har yatsana ya yi zafi. Shiru. Na mayar da hannuwan kan katako, na taɓa a hankali, a hankali ƙwarai, ta amsa.

Da hannu take ji. Katakon ne yake gaya mata. Kwana goma sha ɗaya yana koyar da katako.

Ta yaya zan faɗa masa? Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, in ce wa malamin makaranta takardar da ya manna a bango ƙarya ce? Ita kaɗai ce take sa shi cin abinci.

Laraba, bayan la'asar

Na ce, Malam, teburin nan. Ya ce ya sani, zai kira kafinta ya gyara ƙafar. Yana ta jera takardun gobe. Na tsaya a kansa har ya ɗago ya ce, “Da wani abu?” Na ce a'a.

A'a. Kullum a'a. Bakina bai iya komai ba sai ita.

Alhamis, da rana

Yau ce ranar, Sista. Ina jin kin kira lambarmu ba wanda ya tashi.

Na yi mata wanka, na sa mata jar hular. Yaya ta ce, “Mu je ko ba kati, in sun kore mu sun kore mu.” Ta rufe kekenta ta ɗauko mayafi. Muka fito har bakin titi. Mai kemis yana zaune a ƙofar shagonsa yana shan iska, ya ɗaga hannu ya ce, “Maman yarinya, ya jiki? Ta warware ko?” Fuskarsa a sake. Shi bai san komai ba. Ko ya sani, oho.

Motar ta tsaya a gabanmu. Na tuna in na je za ki sake tambayata zancen allura. In na faɗa ki rubuta, in kin rubuta ya karanta. Kuma ban tambaye shi fita ba. Na ce wa Yaya na bar wuta a kunne. Ta ce, “Ƙanwata, wannan wutar taki ba ta mutuwa ne?” Na juyo.

Mun dawo. Na cire mata hular.

Juma'a, da hantsi

Ta. Shi ya rage daga sunanta.

Asabar, bayan azahar

Hannunta na dama. Tafin. Mun dawo daga ƙaramin asibitin unguwa, an naɗe shi. Tana barci.

Malam ne yake guge rigunansa na makaranta a kan tabarma. Ya jingine dutsen gugar a tsaye, ya miƙe ɗauko wata rigar a igiya. Ni ina bakin famfo da kumfa a hannu. Muka gan ta tare, ta nufi dutsen tana miƙa hannu, don yana ƙyalli. Taku uku ne tsakaninsu. Ya ce, “Tantabara!” Ya ce, “Tsaya!” Ban taɓa jin muryarsa haka ba, har gidan baya sai da aka fito. Ba ta waiwayo ba.

Kukan da ta yi cikakke ne. Shi ba abin da ya faɗi daga jikinsa.

Da muka dawo, wallahi Sista, kujera ya ɗora ta. Ko rigar da ta jiƙe da hawayenta bai canja ba. Ya ce, “Firgita ce, bari ki gani.” Amma hannun yana mata zafi, ta rungume shi a ƙirji, ɗayan ya riƙe shi. Ba ta taɓa tebur ba. Ya ce banana, ya ƙwanƙwasa. Tana kallonsa. Ya ce kamara. Ya ce balun. Ya buga har biro ya gangara ya faɗi. Tana kallonsa da kumburarrun idanu.

Na zo. Na ɗauki hannunta na hagu na shimfiɗa a kan katako. Na kama leɓena da yatsu biyu don ya ga a rufe yake. Na sa ɗaya hannun a ƙasa na ƙwanƙwasa.

Ta ce TAA-ta-ta. Muryar a dishe.

Ya dube ni. Ya dubi tebur. Ya ce, “Tun yaushe kika sani?”

Na ce Talata.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya miƙe ya ɓare takardar daga bango, ya ninke ta huɗu, ya rasa inda zai sa ta, ya tsaya da ita a hannu.

Lahadi

Ba wanda ya yi magana a gidan nan yau. Mu uku.

Litinin, bayan la'asar

Mun je. Ba ke muka samu ba, Sista, an ce kina hutu. Ba wanda ya tambayi wayar. Ban san ma wa nake faɗa wa ba yanzu.

Malam ya yi ta roƙo a wurin masu kati har aka sa mu a ƙarshen layi. Wani ɗan ɗaki ne ba taga, bangonsa da laushi kamar katifa. Suka ba ta magani ta yi barci a cinyata, suka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunne. Likitan dattijo ne, gemunsa fari. Yana kallon allon na'urar, ni ina kallon fuskarsa. Fuskar ba ta motsa ba.

Ya ce kunnuwan duka biyun ne. Ya ce can ciki ne, inda hannu ba ya kaiwa. Sai ya ce, “Lokacin zazzaɓin, an yi mata allura a wani wuri?”

Malam ya ce, “A'a.”

Na ce, “An yi.”

Ban san ya aka yi ta fito ba. Na ce kwana biyar, safe da yamma, a kemis, ban san sunanta ba, ruwanta fari ne. Ban kalli Malam ba. Takalminsa nake kallo, igiyar ɗaya ta kwance.

Likita ya rubuta. Ya ce zai iya zama allurar, zai iya zama zazzaɓin kansa, ba mai iya rantsewa. Ya ce ba don ta sauke zazzaɓin ba ƙila da ba mu zo da kowa ba yau. Ina jin don ni ya faɗi wannan.

Malam ya yi masa wata doguwar tambaya da Turanci. Likita ya amsa da Hausa, don in ji. Ya ce, “Malam, ko ranar Alhamis kuka zo, ko ranar farko, abin da zan faɗa muku ke nan. Ba ya dawowa.” Ya ce akwai na'urar da ake maƙalawa, za a gwada, amma kada mu ɗora rai a kanta. Ya ce akwai inda ake koyar da magana da hannu, mu ma sai mun koya. Ya ce kalmomin da suka rage mata za su riƙa tafiya, tunda ba ta jin kanta.

Ya rubuta kalmar a kati. Malam ya karanta. Ni ban iya ba, amma na ga gajeriya ce.

A mota shi ya riƙe ta. Bai ba ni ita ba har gida.

Talata, da safe

Ya fitar da teburin tsakar gida. A ƙasa ya duba takardunsa.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Na kawo shayi ya ce na gode, kamar a gidan mutane.

Laraba, bayan la'asar

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ke kin yi naki kwana biyar, ni na yi nawa sati biyu. Wa zai yafe wa wa?” Ya sa takalmi ya fita. Inna ta aiko a ce tana zuwa jibi. Yaya ta daina kunna rediyo.

Kwana uku ke nan ba ta ce Mma ba. In tana so na, zanina take ja.

Juma'a, da hantsi

Yau Juma'a. Hantsi. Ba kalma ko ɗaya.

Tana nan a cinyata. Ɗazu ina cikin faɗin ranar sai ta miƙo hannun hagu ta ɗora a wuyana, nan daidai maƙogwaro. Ta zaro ido. Na yi shiru, sai ta mare ni a haɓa. Na ci gaba, ta mayar da hannun. Na sake yin shiru, ta sake marina. Wai in yi ta yi.

To ina yi. Ban san me zan ce ba. Ban ɗora tukunya ba. Wanki yana cikin bokiti tun jiya. Rana ta kai bakin ƙofa. Akwai kaza a kan teburin babanki, kin gan ta, baƙar nan mai ɗingishi. Ke ce Tantabara. Ni ce Umma. Ni ce na kai ki. Ni ce, kin ji. Ba ki ji ba.

Kada ki mare ni, ina yi. Ina yi.

Wuyana ya bushe. Ba ta ɗauke hannun ba.